Shin wanda ya ba ka aiki yana ganin sauran ayyukanka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda ya ɗauke ka aiki a Upwork, dandalin neman aiki ta intanet, zai san kana yi wa wasu aiki. Zai gani, amma ba komai ba. Shafinka yana nuna ayyukan da ka kammala, da taurarin da aka ba ka, da sharhin da aka rubuta, har da ayyukan da ke hannunka yanzu. Saƙonninka da wasu kuwa, da takardun neman aikin da ka tura, ba ya ganinsu. Kuɗin da ka samu ma kana iya ɓoyewa in kana biyan Freelancer Plus, wato tsarin Upwork da ake biya wata-wata.

Ni dai shawarata, in ya tambaye ka, faɗa masa gaskiya: awa nawa za ka iya ba shi a mako.