Tafiyar mota ta bakin teku don neman ɓoyayyun akwatuna: ta ina zan fara?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni da abokaina biyu mun fara wasan jiyokashin wata uku da suka wuce, mun samo akwati 14 a cikin gari. Yanzu muna so mu ɗau mota mu bi hanyar bakin teku na kwana huɗu, amma da na buɗe taswira sai naga akwatuna ɗaruruwa jere a hanyar, kaina ya ɗaure. Dan Allah yaya ake tsara irin wannan tafiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, wallahi tambayar nan ta faranta min rai. Ga wanda bai san wasan ba, wani ne zai ɓoye ɗan akwati da takardar sa hannu a ciki, ya ɗora lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi GPS ka nemo ka rubuta sunanka ka mayar yadda ka tarar. Abin ya faro ne a watan Mayu na 2000, da gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da gangan ga fararen hula, washegari Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon don gwada ingancin siginar. Yau akwai akwatuna fiye da miliyan 3 a duniya, kaga kenan ba wanda zai gama su, kai ma kada ka ɗora wa kanka.

Shawarata ta farko ke nan, rage dogon buri. Dokar Geocaching.com, babban shafin wasan a intanet, ta ce tsakanin akwati da akwati sai an bar aƙalla mita 161, to akwai masu jera su daidai wannan tazarar a gefen titi, in ka biye musu zaka wuni kana tsayawa kana tashi baka ko kalli tekun ba. Ni a ganina shida zuwa takwas a rana sun isa mutum uku. Ka tantance akwatunan a shafin da makin yabo da masu nema ke ba akwatin da ya burge su, ka duba alamar wuri mai kyan kallo da ta wurin ajiye mota, sannan ka karanta rahoton mutum biyar na ƙarshe, in uku a jere sun rubuta DNF, wato sun nema basu gani ba, tsallake shi kawai, ƙila igiyar ruwa ta tafi da shi tuntuni.

Kowane akwati yana da maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na wuyar ganowa ɗaya na wuyar hanya. A bakin teku na biyun ne abin dubawa. Uku da rabi a can na iya zama gangaren dutse mai santsi, biyar kuwa yawanci sai da kwale-kwale ko igiyar hawa. Ku tsaya a 2.5 zuwa ƙasa a wannan karon.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu sosai, maganar cika da janyewar teku, don wannan ne ya raba tafiyarku da neman da kuka saba a gari. A mafi yawan gaɓa ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, shi yasa lokacin ke matsawa gaba da kimanin minti 50 kullum. Ma'ana in yau ruwa ya janye ƙarfe tara na safe, ranar ku ta huɗu sai wajen sha ɗaya da rabi. Kuma lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, ruwan yafi hawa sama yafi ja baya. To ka fara sauke jadawalin cikar teku na yankin, ka ɗora akwatunan cikin duwatsu a kan awar janyewa, sauran na kan tudu su cike gurbi. Ku sauka kamar awa ɗaya kafin ruwa ya gama janyewa, ku fito yana fara dawowa. Na taɓa tsayawa a gindin wani dutse ina laluben ramuka, yashin da na tako a bushe na waiwaya naga kumfa ta fara lasar sawuna, tun daga ranar mutum ɗaya a cikinmu aikinsa kallon ruwa ne kawai baya nema.

Wani abu kuma, a gindin tsauni siginar GPS tana bugun dutse ta dawo, sai kaga kibiyar waya na rawa tana nuna maka cikin ruwa. Da zarar ta ce saura mita 10 saka wayar a aljihu ka yi aiki da ido, ka duba tarin tsakuwa da bai yi kama da na Allah da Annabi ba, ɗan gwangwani mai maganaɗisu a bayan allon bayani. Ba a binne akwati a ƙasa, dokar wasan ta hana, don haka kada ku tona komai, kada kuma ku taka ciyawar tudun yashi ko wurin da tsuntsaye ke ƙwai.

Ka saka nau'in EarthCache biyu ko uku a jerin. Su babu akwati, zuwa zaka yi ka duba yadda ruwa ya sassaƙe dutse ka amsa tambayoyin mai shi, kuma gaskiya su suka fi kai mutum wurare masu kyau a gaɓa.

Netwok yana ɗaukewa a lunguna, saboda haka ka sauke jerin da taswira da hotunan taimako a waya tun kana gida. Masu biyan kuɗin mamba a Geocaching.com suna da hanyar zana titi ta fito musu da akwatunan gefensa, masu wayar Android kuma akwai manhajar neman akwatuna mai suna c:geo. Ku riƙe fawa bank, biro biyu da fensir don takardar bakin teku kusan kullum a jiƙe take, ɗan hantsaki na zaro takarda daga ƙananan, takalmi mai kama dutse, da leda ku kwashe sharar da kuka tarar.

Direba kada ya taɓa waya, na kusa da shi ne mai taswira. Kuma ku bar rabin rana ta uku ba tsari, don hazo ko iska zasu ci muku wani lokacin, in basu ci ba sai ku koma wa wanda ya gagare ku.