Amsa kan cutar toxoplasmosis ga jarirai

Yar'uwa, kin tambaya ko ana yawan haihuwar jarirai da wannan cuta da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, tunda kina da ciki kuma akwai kyanwa a gidanku a Ƙofar Marusa. Ki kwantar da hankalinki. Wani ƙiyasi da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2013 ya ce kusan jarirai 190,000 ne a shekara a duniya, wato ba su kai 2 cikin 1,000 ba. Haɗarin yana ga wadda ta fara kamuwa tana da ciki. Yawancin jariran ma lafiya ƙalau ake ganinsu, sai daga baya ido ya samu matsala. Ni dai tsiren da bai gasu ba ya fi ba ni tsoro a kan kyanwar. Kashinta kuwa, wani ya riƙa kwashewa kullum, ki wanke latas sosai, ki faɗa wa likita ranar awo.