Adafta Ba Ta Rage Ƙarfin Wuta: Amsoshin Tambayoyinku Kan Tafiya Waje Da Kayan Lantarki

Tambaya: Malam barka da aiki, zan tafi karatu Amurka wata mai zuwa, wani ya ce min wutarsu daban ce wai cajar wayata da ta laftof duk ba za su yi aiki ba sai na sayi taransifoma. Gaskiya ne?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a. Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya a rabi, ya ɓata rabi. Eh wutarsu daban ce, Amurka da Kanada 120V (V ɗin volt ne, ma'aunin ƙarfin wuta) suke amfani da shi, Japan ma 100V, alhali Turai da Indiya da yawancin Afirka 230V ne, Sin kuma 220V. Amma kafin ka kashe ko sisi ɗauko cajar nan taka ka juya bayanta, akwai wani ɗan mitsitsin rubutu da sai ka kai shi kusa da ido, wani lokacin ma toka-toka ne a kan baƙi sai ka haska da tocilan waya. Nemo inda aka rubuta INPUT. Idan ka ga 100-240V da 50/60Hz to shikenan magana ta ƙare, wannan cajar duk inda ka kai ta a duniya za ta karɓi wutar wurin ta daidaita da kanta, kuma kusan duk cajar waya da ta laftof na yanzu haka suke zuwa.

Abin da zai ba ka matsala bakin soket ne kawai. Nasu ƙafa biyu ne masu faɗi a tsaye, wani da ƙarin ta uku zagayayya a ƙasa. Adafta ce maganin wannan, ba taransifoma mai ragewa ko ƙara ƙarfin wuta ba.

Tambaya: Ni kuma ƙanwata ce ta kawo min na'urar busar da gashi daga Amurka, na sa mata adafta na jona, ko minti ɗaya ba a yi ba ta yi wani irin ƙara sai hayaƙi da ƙauri. Adaftar ce jabu?

Amsa: Hajiya sai haƙuri, adaftar ba ta da laifi ko kaɗan, aikinta ta yi. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa shi ya sa zan ɗan tsaya a kai. Adafta ba komai ba ce illa ƙarfe da roba, tana canza siffar ƙafar filogi ne don ya shiga ramin soket, amma wutar da ta shigo ta nan ita ce dai za ta fita ta can, ba ragi ba ƙari. Na'urarki an ƙera ta ne don 120V kika ba ta 230V, kuma abin da ba a sani ba shi ne idan ƙarfin wuta ya ninka biyu zafin da wayar cikin take fitarwa ba biyu yake ninkawa ba, kusan huɗu ne, to ina za ta iya. Da akasin haka ne, wato kin kai ta 230V Amurka, da ba za ta ƙone ba sai dai ta yi ta hura iska mai ɗumi-ɗumi kamar mara lafiya.

Duk abin da aikinsa zafi ne, dutsen guga, hita, butar dafa ruwa, abin miƙar da gashi, ki duba rubutun jikinsa sau biyu. Wasu suna da ɗan maɓalli da ake juyawa da tsabar kuɗi tsakanin 120 da 240, kuma mantawa da juya shi ya kashe na'urori ba adadi. Taransifomar da za ta ɗauki abu mai wat 1,500 kuwa nauyinta kaɗai ya isa ya cinye miki kilo a jirgi, ni dai a ganina idan tafiya za ki yi gara ki sayi na can idan kin isa.

Tambaya: Ina yawan zuwa Dubai da Saudiyya, yanzu kuma zan je Turkiyya da Jamus. Adafta nawa zan saya?

Amsa: Alhaji ɗaya ta ishe ka. Dubai da Saudiyya irin na Ingila suke amfani da shi, mai ƙafa uku masu kusurwa, Turkiyya da Jamus kuwa ƙafa biyu zagayayyu ne kuma soket ɗin yakan zama a cikin rami, don haka adafta mai ƙaton jiki wani lokacin ba ta kaiwa ciki, ka lura da wannan wajen saye. Ka nemi mai haɗe-haɗe wadda ake turo ƙafar da ake so, ka duba tana da fis kuma an rubuta amfiya nawa take ɗauka. Idan kayanka da yawa ka tafi da ƙaramin estenshan ka jona shi a adaftar guda, waya biyu da laftof da agogo duk su samu wuri, amma fa kar a ɗora masa dutsen guga. Sannan don Allah a daina ɗabi'ar nan ta cusa murfin biro a ramin sama don a tura mai ƙafa biyu cikin soket mai uku, wannan 'yar ƙofar da ke toshe ramukan soket an sa ta ne don kare yara, kuma filogin da bai zauna daram ba shi ne yake tartsatsi har ya narkar da soket ɗin otel.

Tambaya: Fawa bank fa, za a bar ni na shiga jirgi da ita? Tawa 20,000mAh ce.

Amsa: Za a bari, amma a jakar hannu, ba a saka ta cikin akwatin da ake aunawa a tura ƙasan jirgi saboda batirin lithium ne yana iya kamawa da wuta. Iyakar da aka saba ita ce 100Wh (Wh ma'aunin yawan wutar da batiri ke adanawa ne) ba tare da neman izini ba, lissafin kuwa ka ninka mAh da 3.7 ka raba da 1,000, taka ta kama 74Wh kenan ta wuce lafiya. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgin ya yarda, sama da haka ba ta hawa. Ka tabbata rubutun jikinta bai goge ba don jami'in da ya kasa karanta lambar yana iya riƙe ta, kuma ka leƙa shafin kamfanin jirginka kafin ranar tafiya, wasu yanzu sun hana a yi caji da ita a cikin jirgi ko da an bar ka ka shiga da ita.