Me ya sa Xbox ke sakin wasanninsa a PlayStation?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Microsoft, mai na'urar wasa ta Xbox, ya miƙa wuya ne tunda wasanninsa sun fara fita a PlayStation, na'urar abokin hamayyarsa Sony. A ganina, lissafin kasuwa ne ya sauya.

Ribar na'urar wasa ba ta taka kara ta karya ba, wani lokacin ma da asara ake sayar da ita. Kuɗin yana cikin wasanni: Sony na karɓar kusan kashi 30 cikin 100 na duk wasan wani kamfani da aka saya a shagonsa na intanet. Shi ya sa ake keɓe wasa kamar God of War na Sony ga na'ura ɗaya, don ya ja ka ka sayi na'urar, daga nan ka zama kwastoma na shekaru.

Amma yanzu haɗa babban wasa kan ci fiye da dala miliyan 200. Microsoft kuwa ya kashe kusan dala biliyan 69 wajen sayen kamfanin wasanni na Activision Blizzard a 2023, alhali PlayStation 5 (PS5) ta yi wa Xbox fintinkau a ciniki. Ina za a mayar da wannan kuɗi idan an rufe ƙofa? Shi ya sa wasansa Sea of Thieves ya shiga PS5 a 2024, Forza Horizon 5 ya biyo baya a 2025.

Sony ma ya kai God of War kan kwamfuta a 2022, kusan shekara huɗu bayan fitowarsa a PlayStation. Kamfanin Nintendo ne kaɗai ya kafe, manyan wasanninsa na Mario da Zelda sai a na'urarsa.