Bizar masu aiki ta intanet: shin tana kai mutum ga zama ɗan ƙasa?

Tambaya: Malam, ina zaune a Mabera, Sakkwato. Ina tsara manhajoji ga wani kamfani na Ingila ta intanet, suna biyana dala 1,200 a wata. Wani dillalin biza ya ce zai samo mini bizar masu aiki daga nesa, kuma bayan 'yan shekaru zan zama ɗan ƙasa a Turai. Har ina shirin sayar da filina. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanena, ka dakata da sayar da filin nan tukuna.

Ka san 'yan cin rani, waɗanda ke barin ƙauye bayan kaka su tafi Legas ko Ibadan. Ɗan cin rani a garin da ya sauka yake neman kuɗi. Mai wannan biza kuwa da guzurinsa yake zuwa: albashinsa daga waje yake fitowa, ƙasar da ta karɓe shi so take ya kashe shi a kasuwarta, ya biya haya, amma kada ya taɓa aikin 'yan gida. Shi ya sa ƙasashe suka yi rububin buɗe ta a 2020, lokacin da korona ta kashe yawon buɗe ido. Barbados, wani tsibiri a yankin Karibiyan, ta fara tata a shekarar, Estoniya da ke Turai ma haka, Dubai ta biyo baya, dukkansu na shekara ɗaya.

Bizar zama daban ce. Mu nan mun fi saninta da iƙama, irin ta Saudiyya, wadda ke ɗaure da mai ɗaukar aiki. A Turai ana ba da ita don aiki, karatu ko bin iyali, kuma a ƙasashe da yawa shekarunka suna taruwa, bayan biyar ka nemi zaman dindindin. A nan dillalinka ya rufe ka. A Kuroshiya, alal misali, zaman da ka yi da izinin masu aiki daga nesa ba ya shiga wannan lissafi. Fotugal da Sifaniya sun fi sassauci, nasu kan iya zama izinin zama na gaske, amma sai ka cika sharuɗɗa.

Sharaɗin kuwa kuɗi ne. A 2023 Estoniya yuro 4,500 a wata take nema. Fotugal na neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. Barbados dala 50,000 a shekara. Za su baje takardun bankinka na watanni, su bi su layi-layi, su nemi kwangilar aikinka da inshorar lafiya. Dala 1,200 kuɗi ne mai albarka a Sakkwato, wallahi, amma ba ta kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kuma idan ka wuce kwana 183 a ƙasa cikin shekara guda, galibi maganar haraji za ta taso.

Na fahimci abin da ke korarka: zafin watan Afrilu, wuta ta ɗauke kana tsakiyar taro da Turawa, janareta na shan mai kamar raƙumi. Ka fara da sola da batura masu kyau. In kuma ɗanɗana zaman waje kake so, fasfo ɗinka na ECOWAS zai shigar da kai Ghana ko Senegal na kwana 90 ba biza. Dillalin nan kuma ka ce ya nuna maka sharuɗɗan a shafin ofishin jakadancin ƙasar, ku karanta tare kafin ka ba shi ko sisi.