Amsa kan haɗa ofisoshi uku a Jihar Kebbi

Malam, ka tambaya ko za ka rubuta wa na'urorin rawuta (masu zaɓar hanyar da saƙonnin kwamfuta za su bi) hanyoyi da hannu, ko kuwa ka bar su su koya da kansu, wajen haɗa ofisoshinku na Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri.

Idan layi ɗaya ne kawai ke shiga kowane reshe, rubuta hanyar da hannu ya wadatar, domin babu zaɓin da na'urar za ta yi. Amma idan akwai layi na biyu, ina ba ka shawarar OSPF, wani tsari da na'urorin ke amfani da shi su koyi hanyoyi da kansu, saboda yana lissafa tsadar kowace hanya (maki ne, ba kuɗi ba) gwargwadon ƙarfin layinta, kuma da zarar layi ya yanke sai ya sanar da sauran na'urorin su sake lissafi. RIP kuwa, wani tsarin na koyon hanyoyi, adadin na'urorin da saƙo zai ratsa kawai yake ƙirgawa, iyakarsa 15, ba ya duba saurin layi.

Ka kula da wannan sosai: a na'urorin kamfanin Cisco, idan hanyoyi biyu suka nufi adireshi ɗaya, wadda aka rubuta da hannu mai daraja 1 tana rinjayar ta OSPF mai daraja 110, domin mai ƙaramar lamba ake fifitawa, don haka tsohuwar hanyar da aka manta ba a goge ba za ta iya riƙe saƙonninku a layin da bai dace ba.