Amsa ga yarona kan tsohon gidan limami na Epworth

Ɗana, a hanyarmu ta dawowa daga Epworth ka tambaye ni abin da ya sa ake girmama wannan gida na jan bulo har mutane suna tasowa daga ƙasashe masu nisa domin su gan shi, alhali a idonka bai fi gidajen da muke gyarawa kullum ba. Ka kuma ce da kai aka ba aikin, da ka cire bulon da suka zaizaye ka sa sababbi, ka cike tsakaninsu da siminti kowa ya huta. Ban amsa maka a mota ba, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaitsaye.

Ka fara sanin abin da bangon nan ya gani. Samuel Wesley limamin cocin Ingila ne a wannan ƙaramin gari na yankin Lincolnshire, kuma gidan da ya fara zama a ciki na katako ne mai rufin ciyawa. A daren 9 ga Fabrairu 1709 gobara ta cinye shi ƙurmus, ɗansa John mai shekara biyar ya maƙale a bene, sai da wani maƙwabci ya hau kafaɗar wani ya zaro shi ta taga kafin rufin ya rufta. A cikin shekarar aka sake ginin da jan bulo, shi ne wanda ka tsaya a gabansa. A nan matarsa Susanna ta karantar da 'ya'yanta, kuma a ɗakin girkinta ta riƙa tara mutane ranar Lahadi da yamma lokacin da mijin yake Landan, har suka kai wajen 200. John da ƙanensa Charles, waɗanda suka tashi a ɗakunan nan, su ne suka kafa tafarkin Methodist, wani reshe na addinin Kirista. Limaman cocin Ingila suka ci gaba da zama a gidan har 1954, lokacin da mabiya Methodist suka saye shi, suka gyara, suka buɗe shi ga masu ziyara a 1957. Ni da kai ba addininmu ba ne, amma wanda ya san yadda muke ji da zauren da wani babban malami ya karantar a ciki ba zai yi mamakin su ba.

To, abin da mutanen nan suke zuwa gani shi ne ainihin bulon da aka ɗora a 1709. Ka tuna lokacin da na kama hannunka na ɗora a bango. Babu bulo biyu da suka zo daidai: wani ya ɗan karkace, wani ya yi duhu saboda ya fi kusa da wuta wajen gashi, domin da hannu aka buga su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ka cire su ka jera na inji, gida zai tsaya a wurinsa, amma ba shi ne wanda Susanna ta zauna a ciki ba. Shi ya sa hukuma ta sa shi a mataki na farko cikin gine-ginen da doka ta kare, matakin da kimanin kashi 2.5 cikin 100 kawai suke samu a Ingila, kuma sauya wani abu na asalinsa ba tare da izini ba laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.

Maganar siminti ita ce ta fi damuna, domin a nan ne magini mai kyakkyawar niyya yake yin ɓarna. Sai a 1824 Joseph Aspdin na Leeds ya yi rajistar simintin Portland, fiye da shekara 100 bayan an gama wannan gida, saboda haka da kwaɓin farar ƙasa da yashi aka ɗora shi. Wannan kwaɓi ya fi bulon taushi, kuma danshi yana fita ta cikinsa. Idan ruwan sama ya jiƙa bango, ta layin kwaɓin yake bushewa, kuma idan ginin ya ɗan motsa, kwaɓin ne yake tsagewa ya bar bulo lafiya. Siminti kuwa ya fi tsohon bulo tauri, ga shi yana toshe hanyar danshi, sai ruwan ya taru a cikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi ya kumbura, fuskar bulon ta ɓare ta faɗo. Bayan wasu shekaru sai ka ga layin siminti ya fito zuru-zuru, bulon da ke tsakani sun loɓa ciki kamar saƙar zuma. Tun ina yaro a gida na ga irin wannan, inda aka shafe katangar ƙasa da siminti maimakon makuba, damina uku ba ta cika ba shafen ya ɓamɓare da ƙasar da ke bayansa.

Saboda haka ranar Litinin, a gidan da muke aiki, kada ka ɗauko injin yanka, domin yana cin gefen bulo kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Da hannu za ka ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ya ruɓe, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin, wanda yake da ƙarfi kuma ka bar shi. Ka share ƙurar, ka yayyafa ruwa, ka cusa sabon kwaɓin farar ƙasa kaɗan-kaɗan kana dannawa, sannan ka rufe wurin da jiƙaƙƙen buhu, domin iska ce take ƙarfafa shi a hankali cikin kwanaki. Idan an ce za a yi ƙanƙara da dare, ka ajiye cokali har yanayi ya sassauta. Bulon da fuskarsa ta lalace kuma ka zaro shi a hankali ka duba bayansa, in yana da kyau ka juya shi ka mayar da shi gurbinsa, in ya farfashe ka kira ni kafin ka nemi madadinsa.